Gwangwanin da Ke Cikin Akwatinki

Ummi, 'yata kuma uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uban da yake kwana gida ɗaya da 'yarsa, amma sai ya zo ofis ya rufe ƙofa ya ɗauki biro kafin ya iya yi mata magana. Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin lafiya da natsuwa. Allah ya tsare miki hanyar gobe, tun daga tashar jirgin ƙasa har ki ƙetare ruwa ki sauka Pinang, ya sa karatun da za ki fara ya zama alheri gare ki da mu baki ɗaya.

Na san da Turanci za ki fi saurin karantawa, tun da ko a gida in na tambaye ki da Hausa, rabin amsar da Turanci take zuwa, da "lah" ɗin mutanen ƙasar nan a wutsiyarta. Amma da Hausa na yi tunanin da ya kai ni ga kurakuran nan, da ita zan faɗe su. Inda wata kalma ta shige miki duhu, ki sake karantawa a hankali. Kada ki kai wa mamanki ta fassara miki sai kin kai ƙarshe.

Shekaranjiya mamanki ta ce in sauko miki da babbar jaka daga saman kabad ɗin ɗakinmu. Da na hau kujera, sai na ga wani wuri mai kusurwa huɗu, fes, babu ƙura a kansa. A nan wani shuɗin gwangwanin biskit ya yi shekara shida yana zaune. Jiya da kuka fita sayen bargo da tukunyar shinkafa, na buɗe akwatinki, na same shi naɗe cikin zani a can ƙasa. Tun da kika girma ban taɓa sa hannu a kayanki ba. Na sa jiya, kuma ina neman ki yafe mini.

Kin san abin da ke ciki: kwalabe goma sha ɗaya na ruwan sigarin lantarki, wanda ku kuke ce wa bef. Nawa ne. Mafi ƙuruciyarsu ta haura shekara shida, wasu sun doshi goma. Na cire guda ɗaya, ƙaramar kwalbar turare mai jan zare a wuya, zan kuma gaya miki dalili. Sauran goman na bar su yadda na same su. Abin da nake roƙo shi ne kada ki tafi da su, kada kuma ki ƙara zuƙar ko ɗigo daga cikinsu. Na ce "ƙara" domin na lura mai ƙanshin mangwaron ta ragu, kuma mako biyu ke nan kina wani busasshen tari da kika ɗora wa na'urar sanyaya ɗaki. Ba ni da hujjar cewa ita ce ta jawo shi. Na san irin tarin nan dai, na taɓa yin sa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bari in fara daga farko.

Kin san na yi aikin jarida a Kaduna kafin mu zo nan, amma ba ki san a teburin gyaran labarai na koyi shan taba ba. Babu wanda ya tilasta mini. Editan da ya koya mini aiki yana da wata al'ada: duk labarin da ya gama gyarawa sai ya kunna kara ɗaya. Ni kuwa komai nasa abin koyi ne a wurina, har yadda yake riƙe jan biro. Na ɗauki jan biron, na haɗa da tabar. Shekara goma sha ɗaya ina sha, ina tauna kanumfari kafin in shiga gida, ina zaton na iya ɓoyo. Mamanki ta sani tun a watan farko. Wadda take wanke riga ba ta rasa sanin warinta. Ummi, za ki haɗu da malamai da manyan da za su burge ki. Ki ɗauki abin da ya sa suka burge ki, ki bar musu sauran kayansu.

Da muka zo Kuala Lumpur karatun digirina na uku, kina da shekara goma, na tarar da gari yana tashin hayaƙi mai ƙanshin 'ya'yan itace. Duk mamak, wato rumfar mai shayi da abinci, da na zauna shan shayi, sai na ga samari suna busa shi kamar bakin tukunya. Wani abokin karatuna ya ce da shi ya rabu da taba. Na saya. Cikin wata biyu na daina kunna kara, na kuma yi wa kaina shela cewa na daina. Ban daina komai ba, riga kawai na sauya wa nikotin. Ba zan ɓoye miki abin da na karanta ba: ga wanda taba ta riga ta kama, masana da yawa suna ganin wannan ya fi ta sauƙin illa, wasu kuma suna jan kunne cewa bai daɗe a duniya ba balle a san ƙarshensa. Amma wannan muhawara ce ta masu neman fita daga rami. Ke ba ki taɓa faɗawa ramin taba ba, saboda haka a wurinki wannan ba tsani ba ne, shi ne ramin.

Wata shekara raɗe-raɗi ya cika wayoyi cewa za a hana sayar da ruwan. Ni da na sha mayar wa 'yan rahoto labarinsu saboda majiyarsu ɗaya ce, na karanta saƙo guda da aka turo mini, ban bincika ba, na hau jirgin ƙasa na nufi unguwar Brickfields. Akwai wani ɗan kedai, ƙaramin kantin sayar da ruwan, a saman bene, bisa shagon masu sayar da yadi. Na kwashi kwalabe kamar mai shirin shiga fari. Na tambayi mai kantin ko za su ajiyu, ya yi dariya ya ce, "Boleh lah, bos," wato za su ajiyu, wai sai na gaji da su. Ban tambayi ranar da aka haɗa su ba. Rabinsu ma babu kwanan wata a jiki, domin shi ya haɗa su da hannunsa a bayan kanta. Ya ƙara mini da wata 'yar roba ta tsantsar nikotin, wadda ake ɗiga kaɗan a cikin ruwan da ba shi da ƙarfi. Ki riƙe wannan robar a ranki, za mu dawo kanta.

Shawarata a nan gajera ce. Duk abin da ba ki san wanda ya haɗa shi ba, ba ki san ranar da aka haɗa shi ba, kada ki ba shi hanya zuwa cikin jikinki, magani ne, kwalli ne ko man shafawa. Kuma mai sayarwa ba ya zama shaida a kan kayansa.

Yanzu ga kuskuren da nake jin ba kowa ne zai yi shi ba sai ɗan gidanmu. Kakarki Hajiya, wadda kika ci sunanta, humra take haɗawa a Haɗeja. Na tashi ina ganin ta tana daka farce da sandal, ta zuba a manyan kwalabe, ta toshe bakinsu da tsumma, ta tura ƙarƙashin gado. In mai saye ta zo da gaggawa, sai ta ce humrar da ba ta kwana arba'in ba ai ruwa ce. Tana ɗaga kwalba ta duba a hasken rana, in ta ga ta yi duhu sai ta gyaɗa kai ta ce ta tsumu. Da wannan idon na girma: abin da ke cikin kwalba, in ya daɗe ya yi duhu, ya ƙara daraja. Ga kuma karin maganar da kowa ya haddace, da tsohuwar zuma ake magani. To da na ga ruwan nan nawa ya tashi daga fari ya koma kalar shayi, daga nan ya koma kalar zuma, sai na ɗaga shi a taga kamar yadda Hajiya take yi, na ce ya tsumu. Da na ji masu sha suna cewa wani ruwan yakan ƙara daɗi in ya yi 'yan makonni a ajiye, sai na ɗauki maganar makonni na shimfiɗa ta a kan shekaru.

Biyu daga kwalaben a aljihun mota nake barin su, don kada su shigo gida. Kin san motar da ta wuni a rana a titin Jalan Semarak, sitiyari ma ba ya taɓuwa. Sun yi wata da watanni a wannan tanda. Ana saura kwana huɗu in gabatar da babin farko na kundina a gaban malamai, ruwan da nake sha ya ƙare, na ɗauko ɗaya daga cikinsu. Zuƙar farko na ji yaji a maƙogwaro kamar na shaƙi masoro. Na ce ƙarfin tsumuwa ne, na ci gaba. Kwana biyu bayan nan ƙirjina ya ɗaure, tari ya kama ni, muryata ta dishe ƙurmus. Na tsaya gaban malamai biyar ina raɗa, suna miƙo wuya kamar masu sauraron sirri. A asibitin makaranta likita ta karɓi kwalbar ta juya ta, ta tambaye ni abu uku: me ke ciki, wa ya haɗa, yaushe. Tambayoyin da nake koya wa sababbin 'yan jarida a makonsu na farko ke nan, kuma ban iya amsa ko ɗaya ba.

Daga baya na zauna na karanta abin da ya kamata in karanta tun farko. Zan raba miki shi gida biyu kamar yadda aka koya mana, abin da ya tabbata da abin da bai tabbata ba.

Abin da ya tabbata: ruwan nan haɗi ne na wasu ruwaye biyu masu kauri, ɗayansu gilisarin, da sinadaran ƙanshi, da nikotin. Iska da haske da zafi suna lalata nikotin da sinadaran ƙanshin. Duhun da kike gani alamar wannan lalacewar ce, haka yajin da ke kama maƙogwaro, haka warin da ya sauya, haka ruwan da ya rabu gida biyu ya ƙi haɗuwa ko an girgiza. Su kansu masu yin sa, waɗanda burinsu a saya, ba kasafai suke ba shi fiye da shekara ɗaya zuwa biyu ba, shi ma in ba a buɗe ba kuma yana wuri mai sanyi da duhu. Wanda aka buɗe bai kai haka ba. Kwalbar roba ta fi ta gilashi saurin barin iska ta shiga. Saman kabad ɗinmu kuwa, dab da rufi, ba wuri mai sanyi ba ne.

Abin da bai tabbata ba: babu wanda zai iya gaya miki takamaimai abin da ruwa mai shekara takwas yake zama in aka ɗora shi a kan zaren ƙarfe mai zafi na cikin sigarin aka tura shi cikin huhu. Za ki ga masu rubutu a intanet suna cewa ba komai, ɗanɗano ne kawai yake gushewa. Na bi maganarsu ina neman majiya, mafi yawanta daga masu sayarwa ta fito. Ban ce miki zai kashe ki ba, domin ban sani ba. Su ma da suke cewa ba komai ba su sani ba. Inda ilimi ya ƙare, bai kamata huhun 'yata ya zama wurin gwaji ba.

Akwai abu ɗaya da babu saɓani a kansa. Tsufa ba ya mayar da nikotin ruwan sha. Ko ƙarfinsa ya ragu, guba ne in an haɗiye, yana kuma ratsa fata ya shiga jini. Wannan ban karanta shi a littafi ba kafin in gan shi a jikinki.

Kina tuna ƙaramar Sallar da kika yi rashin lafiya a unguwar Kampung Baru, kina da shekara goma sha uku? An gaya miki lemang ɗin da maƙwabciyarmu ta aiko da sassafe ne ya ɓata miki ciki, shinkafar nan mai danƙo da ake dafawa a cikin gora. Shekara tara ke nan ba kya cin sa. Lemang ba shi da laifi, Ummi. Laifin nawa ne.

Robar nan ta tsantsar nikotin tana da hoton ƙoƙon kai a jikinta, kuma na san in mamanki ta gani za ta yi tambaya. Sai na nemi wata ƙaramar kwalbar turaren Makka da ya ƙare, irin mai sandar gilashi a murfi, na juye shi a ciki, na jefar da robar da gargaɗinta, na tura kwalbar bayan littattafaina. Ban ko wanke ta sosai ba, saboda haka ƙanshin turaren yana nan a bakinta. Safiyar Sallah ina masallacin unguwa muna kabbara, mamanki tana goge kantar littattafai ta ci karo da ita. Ta shafa kaɗan a wuyan hannunta. Ke kuwa, da son turarenki, kika tsiyaya a tafi kika shafe wuya da bayan kunne da hannuwa.

Muna fitowa daga Idi, cikin taron mutane da sababbin kaya, na ga fuskarki ta yi fari fat. Zufa ta jiƙa miki mayafi, yawu ya cika bakinki, kika durƙusa a bakin kwata kina amai. Mamanki ma ta ce kanta yana juyawa. Na ɗauke ki zuwa tasi, kanki a kafaɗata, sai na ji wani wari a ƙarƙashin ƙanshin turaren, warin da na sani kamar sunana. Na tambayi mamanki wane turare kuka shafa.

Ta ce, "Wanda ka ɓoye a bayan littattafanka mana, Abban Ummi. Na ce ashe kana da mai kyau kake mana rowa."

Na sa direba ya tsaya a wani shago, na sayi ruwan gora da sabulu, na wanke miki wuya da hannuwa a gefen titi, kina kuka kina cewa ina ɓata miki kayan Sallah. A asibiti, bayan an shiga da ke ciki, na gaya wa likita gaskiya a gaban mamanki. Ya ce mun yi sa'a a fata ne ba a baki ba, kuma wankin da aka yi da wuri ya taimaka. Kin wuni ana duba bugun zuciyarki, da yamma aka sallame mu. Mamanki ba ta ɗaga murya ba. Muna zaune a kan benci a baranda ta ce, "Da a gabana kake sha da ya fi mini sauƙi. Abin da na sani, na san yadda zan kare 'yata daga shi. Wanda ka ɓoye fa, ta ina zan tare?"

Ni na roƙe ta kada a gaya miki. Ta yarda don ta rufa mini asiri a idonki, muka ɗora wa abincin baiwar Allah laifi.

Kada ki taɓa raba abu da kwalbarsa da sunansa, ko maganin ciwon kai ne. Takardar da ke jikin kwalba ba don ke aka liƙa ta ba, ke kin san abin da kika saya. An liƙa ta ne don wanda zai ɗauka ba kya nan. Kuma ki lura da wannan: ba shan ne ya kai ki asibiti ba, ɓoyon ne.

Da labari ne nake shiryawa, da na ce daga ranar na daina. Ban daina ba. Na ƙara shekara uku ina sha, a mota, a bayan ginin sashenmu, ina jin kunyar kaina ina kuma zuƙa. Na faɗi wannan don ki san ƙarfin abin da kike wasa da shi: mutum ya ga 'yarsa a gadon asibiti saboda shi, washegari ya koma masa. Sau huɗu na gwada bari na kasa. Na biyar, cikin wani azumi, na ajiye girman kai na je wurin likita, ta ba ni filastar da ake liƙawa a dantse da tsarin ragewa mako bayan mako. Shi ne ya kama. Da na nemi taimako tun farko, da ban ɓata shekarun nan ba. Asibitin makarantarku ma ba zai rasa irin wannan taimakon ba, kuma ba sa buga wa iyaye waya.

Sai gwangwanin. Da na daina, na tattara abin da ya rage, har da kwalbar turaren, na ɗaura mata jan zare don kada in manta ko wace ce, na ɗora a saman kabad. Na ba kaina dalilai. Na ce ba a zuba guba a magudanar ruwa, gaskiya ne. Na ce in na jefa a shara wani mai tsince-tsince ko kyanwa za su iya samu, shi ma gaskiya ne. Na ce mun tashi a gidan da ba a zubar da abin da aka saya, inda gwangwanin madara ma sai ya zama ludayi. Amma waɗannan duka sun isa uzurin mako guda ne, ba na shekara shida ba. Dalilin da ban faɗa wa kaina ba shi ne "ko da wata rana". Mamanki ta tambaye ni sau ɗaya ko na zubar, na ce na zubar. Yau in na koma gida zan gaya mata na yi mata ƙarya. Nawa kawai zan faɗa. Naki na bar miki, ke za ki zaɓi ranar da bakinki zai iya, kuma ina ba ki shawara kada ranar ta yi nisa. Ta fi ni iya jin magana mai nauyi, na gwada ta na gani.

In kin yanke shawarar barin abu, ki raba gida da shi a ranar. Abin da kika ajiye don wata rana, in bai jira ki ba zai jira wani naki. Nawa ya yi shekara shida yana jira, ga shi ya samu.

Kuskurena na ƙarshe shi ne mafi sabo. Shekara guda ke nan ina jin ƙanshin mangwaro a mayafinki ba lokacin mangwaro ba. Na gane tun ranar farko, wa zai fi ni ganewa? Na yi shiru. Kin zo mini da kunya biyu: ke ce 'yar fari, ga sunan mahaifiyata a kanki. A gidanmu uba ba ya zama ya yi doguwar magana da ɗan fari, ni ma mahaifina bai taɓa kiran sunana ba har ya koma ga Allah. Na fake da wannan kunyar, alhali abin da nake tsoro daban ne. Ina tsoron in yi magana ki dube ni ki ce, "Abba, kai fa?" Da kin faɗa, da kin yi gaskiya. Kunya ado ce, ban ce ki yar da ita ba. Amma duk ranar da kika ga kunya tana hana ki tsare wani daga cuta, ki duba da kyau, wataƙila tsoro ne ya ari rigarta.

A Pinang gidan Dakta Sani za ki zauna, abokina tun muna ɗalibai, kuma kin san matarsa tana da 'yar da ta fara rarrafe. Yarinya mai wannan shekarun komai ta samu baki take kai shi. Kwalba ƙarama, mai launi, mai ƙanshin mangwaro da alewa, a cikin gwangwanin biskit. Ki karanta jimlar nan sau biyu. Ke da shekara goma sha uku, a fata kawai, kin ga yadda aka yi. Ko sabon ruwa ne kika saya da kanki, muddin ba ki kai ga bari ba, wurinsa akwati mai makulli, a cikin kwalbarsa ta asali, nesa da taga. In kuwa tsautsayi ya sa ya taɓa fatar wani, a wanke da ruwa da sabulu nan take. In an haɗiye, kada a tsaya jiran alama, kada a sa mutum amai da ƙarfi, a tafi asibiti da kwalbar a hannu, a kuma faɗi gaskiya tun a bakin ƙofa.

Na yi abin da ya kamata in yi shekara shida da suka wuce. Na tambayi mai kantin maganin unguwarmu, ta kwatanta mini inda ake karɓar shara mai guba. Ta ce in hakan bai samu ba, a sa safar hannu, a juye ruwan cikin garin katako ko yashin nan da ake saya wa kyanwa har ya shanye, a ɗaure a leda biyu. Mai jan zaren na kai ta wurin karɓar sharar da safen nan, ta bar hannuna.

Ga abin da nake so mu yi da sauran. Gobe bayan sallar asuba zan zauna a masallaci har rana ta fito. Ƙarƙashin teburina na karatu babu komai, na share wurin. In na dawo na tarar da gwangwanin a nan, ba zan ce miki uffan ba, ko a mota ko a tasha, zan kai shi inda na kai 'yar uwarsa. In ban tarar da shi ba, zan ɗauki akwatinki in sa a mota, in saya miki tapau, ƙunshin abincin da kike so na hanya, in raka ki har bakin jirgi, in yi miki addu'ar da na yi niyya ba tare da na rage ko harafi ba. Sai dai zan kira Dakta Sani in gaya masa abin da ke shigowa gidansa, domin haƙƙin 'yarsa ya fi sirrina da naki. Ba barazana nake miki ba. Na faɗa ne tun yanzu don kada ki ji daga baya, na gaji da yin abu a bayan idon mutanen da nake ƙauna.

Ban ce ki yi mini alkawarin dainawa gobe ba. Na san yadda irin wannan alkawarin yake karyewa, na karya huɗu. Duk ranar da kika shirya, ki kira ni, ko da kin gwada kin kasa ne. Ba za ki ji faɗa ba. Za ki ji muryar wanda ya san hanyar, har da inda ake zamewa.

In kin warware sallayarki za ki ga wata kwalba a ciki. Humrar Hajiya ce, ta ƙarshe da ta haɗa kafin rasuwarta, wadda ta ba ni ta ce in ajiye wa takwararta sai ta bar gida. Ban sa ta cikin gwangwanin ba, kusa da shi ma ban kai ta ba. Na liƙa mata takarda, na rubuta abin da ke ciki, da sunan wadda ta haɗa, da shekarar da ta haɗa. Ta yi duhu ƙwarai. Wannan kam ta tsumu, ki shafa ba fargaba.

Allah ya kai ki lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya tsare miki numfashinki da imaninki da mutuncinki. Allah ya raba ki da gadon kurakuraina, ya ba ki gadon haƙurin mamanki da hannun kakarki. Ya sa in kin dawo hutu mu zauna mu uku a teburi ɗaya babu abin da wani yake ɓoye wa wani. In Sallah ta same ki a can aka miƙo miki lemang, ki sa hannu ki ci, ki yi wa maƙwabciyarmu addu'a.

Na bar ki a hannun Wanda ajiyarsa ba ta lalacewa.

Mahaifinki,
Abba